Maɗacin Yaye

Kwana tara aka ba ni. Maigida ne ya dawo daga Magariya da labarin, tun bai kafe babur ɗinsa da muke ce wa moto ba yake cewa ya ga sunana a takardar da aka liƙa a bangon ofishin sufeton makarantu. An ɗauke ni malamar kwantiragi, an tura ni wata lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye can gaba da Sassumbrum, kuma ranar Litinin ta sama ake so kowa ya kasance a bakin aikinsa. Ina surfe a tsakar gida lokacin. Na saki taɓarya ta faɗa kan ƙwarya ta fasa ta, ko waiwaya ban yi ba.

Shekara huɗu ke nan da na samu birbe, takardar gama ƙaramar sakandare, uku da aurena a Kwaya, kuma duk shekara sai na kai takarduna, duk shekara sai a ce in jira. Ni ba mai zama ba ce, tun ina yarinya an san ni da haka. A gidan mijina ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza, amma wallahi akwai ranakun da nake daka ina jin kamar katangar gidan tana matso ni. In na ji ƙarar moto a hanya sai na tsaya da aiki har ƙarar ta ɓace.

Da la'asar surukata, wadda duk gidan ke kira Iya, ta kira ni ɗakinta.

"Aiki kam ki je, ba mai hana ki," ta ce. "Amma maigidana ba inda za shi."

Maigidan nata ɗana ne, haka take kiransa da wasan kaka da jika. Watansa ashirin a lokacin, kuma shi ne ɗan farina. Ta ce ƙauyen ba likita, rijiyarsu da nisa, kuma ɗaki ɗaya zan raba da wata malama. Duk gaskiya ta faɗa. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: da ta faɗi haka daɗi na ji. Ina so in shiga aji hannuna sake, ba goyo a baya, ba mai jan zanena ina rubutu a allo. Na sunkuyar da kai kamar wadda aka yi wa dole, na ce to.

Saura yaye. Yaron kuwa mayen nono ne na gaske. Yana cin tuwo, yana shan kunu, amma duk wannan a wurinsa share fage ne. Ko ina tsugune ina wanke-wanke sai ya zo ya cusa kai ta ƙarƙashin hannuna ya nemi abinsa.

Iya ba ta ga abin damuwa ba. "Ki ci gaba da ba shi har ranar tafiya," ta ce. "Ranar da safe in goya shi mu tafi cirar gyaɗa, ke kuma ki hau moto ki kama hanya. Kwana uku zai yi yana kuka, ya neme ki ya rasa, ya haƙura. Ubansa ma haka aka yaye shi, gidan kakarsa aka kai shi."

"Haba Iya," na ce, "in sulale kamar ɓarauniya?"

Na kawo mata dalilaina ɗaya bayan ɗaya, kamar ina gaban masu jarrabawa. In ya dawo daga gona ya tarar ba ni ba nono a rana ɗaya, me zai ɗauke ni? Gara ya bar nonon da kansa ina nan, yana ganina, ya saba da cin abinci daga hannuna, sannan in yi masa sallama in tafi. Tsorona ɗaya ne, na kuma faɗa mata shi ƙarara: kada in dawo yaron nan ya ƙi ni.

Ta daɗe tana kallona tana ɓare gyaɗa. "To, 'yar lakwal," ta ce. 

Gwaggo ce ta ba ni dabara. Ƙanwar surukina ce, gidanta na jikin namu, kuma ba a yin magana a gidanmu ba ta ji ta kan katanga ba. Ta leƙo ta ce, "Ke, wannan ai ba abin tsayawa shawara ba ne. A sa masa ɗaci."

Haka matan wajenmu ke cewa, a sa masa ɗaci. Na sha tunani a kan wannan magana daga baya, har a cikin aji in ina neman yadda zan hana yara wani abu. Hani da baki ake yi: kar ka taɓa, kar ka je. Wanda aka hana yana iya yin gardama, yana iya jira a kau da ido. Sa ɗaci ba haka ba ne. Ba a ce maka komai. Ana barin ka ka miƙa hannu, ka taɓa, ka ji, ka janye da kanka, gobe kuma ko an ce ka zo gwiwarka ta yi sanyi. Irin ƙayar da ake kewaye ɗan gawo da ita a gona ke nan don akuya, ba mai tsayawa yana korar ta. Abin ya burge ni a lokacin saboda ba tsawa a ciki, ba duka, ba ɓuya. Na ga kamar wayewa ce.

Ranar farko garafuni muka sa. Gwaggo ta tsinko ganyen a jikin darni, ta murje shi a tafin hannu, na shiga ɗaki na shafa ruwan a nono. Na fito na zauna a kan turmi kamar ba komai. Bai daɗe ba ya taho da gudunsa na ɗan tayi-faɗi, ya hau cinyata ya kama. Sai ya saki. Ya yamutsa fuska, ya fito da harshe, ya ɗago ya kalle ni. Ni kuma na kau da kai ina kallon kaji. Ya sa tafin hannunsa ya goge wurin, ya tofar da yawu a zanena, ya koma ya kama. Yana sha yana runtse ido har ɗacin ya ƙare, ya ci gaba da abinsa hankali kwance.

Tsakar gidan ta kaure da dariya. Gwaggo har da riƙe ciki. "Tabɗi! Wannan taurin kai ba daga gidanmu ya ɗauko shi ba," ta ce tana hararata. Iya ba ta yi dariya ba. Ni kuwa haushi ya cika ni, kuma can ƙasan haushin akwai wani daɗi da na kasa korewa.

Kwana biyu muka yi a kan garafuni, ko a jikinsa. Na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗaure kayana, in kwance, in sake ɗaurewa. In ɗauko takardar da maigida ya karɓo mini in karanta, alhali na haddace ta har da inda hatimi ya karkace. Na je wurin tela sau uku a wuni ɗaya a kan riga biyu. Na zuba gishiri sau biyu a miya, maigida ya ci, ya sha ruwa moɗa biyu. Duk inda na juya lissafin kwanaki nake yi da yatsu, saura bakwai, saura shida, ga yaro yana nan maƙale.

Rana ta huɗu Gwaggo ta kawo ɓawon maɗaci daga wurin mai magani. Ta jiƙa shi, ta dafa har ruwan ya yi kauri ya yi ja. Na ɗan taɓa da harshe don in ji, na yi wuni ina kurkure baki. Na ce anya bai yi yawa ba? Ta ce, "So kike ki tafi ko so kike ki zauna?" Na shiga ɗaki na shafa.

Wannan karon bai goge ba. Ya saki da ƙarfi, ya yi kakari kamar zai yi amai, ya fashe da kuka. Yana kukan ya zagaya ɗaya gefen, don a tunaninsa can lafiya lau ne. Na riga na shafa wa duka biyun. Ya zame daga cinyata ya zauna a ƙasa yana shure-shure, ni kuma ina ta maza, ina tsince wake kamar ban san da shi ba.

Can sai kukan ya tsaya. Na ɗaga kai na gan shi ya nufi randa. Akwai wata ƙaramar moɗa da ake barin ta a ƙasa don shi. Ya tsoma ta a bokitin da ke gefen randar, ya taho da ita da hannu biyu, rabin ruwan yana zuba a ƙafarsa. Ya zo ya tsaya a gabana ya miƙo mini. Bai iya magana sosai ba lokacin, amma ya san wannan kalmar saboda kullum ana faɗa masa ita kafin cin tuwo.

"Wanke," ya ce.

Wayyo Allah. Shi a ganinsa wani abu ne ya same ni, ya zo ya taimake ni. Na karɓi moɗar, na ɗauke shi na zagaya bayan rumbu inda ba mai gani. Na wanke, na ba shi. Ya sha yana ajiyar zuciya, hannunsa ɗaya yana wasa da kunnena, har barci ya ɗauke shi. Na zauna a wurin ƙafata ta yi tsami, ban motsa ba.

Iya ba ta buƙaci a gaya mata ba. Da na fito ta karɓe shi, ta sunsuni bakinsa, ta kwantar da shi a kan tabarma.

"Ke 'yar nan," ta ce a hankali, don kada Gwaggo ta ji, "ko ki ba shi, ko ki hana shi. Wannan da kike yi wahalar da shi ne. Har yanzu ba a makara ba. Ki bar shafe-shafen nan, ki ba shi abinsa kwana biyar ɗin da suka rage, ranar tafiya ki bar mini shi."

Ina ma na ji maganarta. Amma na riga na faɗa a gaban kowa cewa ni ba zan yi irin na da ba, kuma Gwaggo ta riga ta yaɗa a unguwa cewa madam na yaye irin na masu ilimi. Ga zuciya irin tawa, in na kafe a kan abu ko ni kaina ba na iya juya ni. Na ce, "Iya, saura kaɗan." Ta ɗauki mafici ta shiga kore masa ƙuda.

Washegari ya zo da moɗarsa tun kafin ya ɗanɗana. Ya koyi darasi, sai dai ba wanda nake so ya koya ba. Na ƙi karɓa, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ƙirjina ya cika ya yi tam, ko hannu ba na iya ɗagawa sosai, rigata ta jiƙe. Na ɗaure da ɗankwali na ci gaba da zirga-zirga tsakanin ɗaki da madafi, ina ɗaukar abu ina ajiyewa ban san me na je nema ba. Maigida ya ce ko in je likita. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba, ya ɗauki hularsa ya fita.

Rana ta shida Gwaggo ta ce matsalar ita ce yaron sai ya kai baki yake jin abin. Ya kamata tun daga nesa ya gani ya tsorata. Ta kankaro baƙin tukunya ta kwaɓa da ruwan maɗacin. Na shafa da hannuna, ya yi baƙi ƙirin. Da ya taho da moɗarsa, Gwaggo ta ce in buɗe masa ya gani. Na buɗe. Ita kuma ta ja da baya ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu, "Wayyo dodo! Dodo ya kama ta!"

Moɗar ta faɗi. Ban taɓa jin ƙara irin wadda ya yi ba. Ya juya da gudu ya faɗi, ya tashi, ya faɗa jikin Iya ya cusa kai a cikin zanenta. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan, an gama." Gaskiyarta, an gama. Daga ranar bai sake neman nono ba.

Bai kuma sake zuwa wurina ba. In na shigo tsakar gida sai ya zagaya bayan Iya. In na matso sai ya fara ja da baya yana kallon ƙirjina. Na wanke jikina da sabulu har fatar ta yi zafi, na canza riga, na zo na zauna nesa da shi da ɗan dankali dafaffe a hannuna, wanda yake so. Da ƙyar Iya ta lallashe shi ya matso ya karɓa. Ya kai baki ya tofar. Ashe maɗaci ya kama mini yatsu, kwana uku ina dama shi da hannu, ya shiga har ƙarƙashin farce. Na lasa yatsana na ji. Da yamma na gwada da fura, ya kulle baki ya kau da kai. Iya ta karɓi ludayin nan, furar nan, ta ba shi, ya shanye.

A ranar na gane abin da na yi, kuma ba wanda ya gaya mini. Ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta rungume shi ana kallo. In ya faɗi sai dai wata ta ɗaga shi, ke ki yi kamar ba ki gani ba. Wata ashirin ina kiyaye wannan kunyar, kuma ban ji nauyinta ba saboda akwai lokaci ɗaya da ba mai cewa na yi rashin kunya in na riƙe shi, wato lokacin shan nono. A nan yake jin ɗumin jikina, a nan nake ƙirga yatsunsa. Wuri ɗaya tak aka bar mana ni da shi, kuma a wurin na shafa maɗaci da hannuna. Na ji haushin Gwaggo, na ji haushin sufeto da takardarsa, amma na san ba su ne suka shafa ba.

Kwana biyun da suka rage ban san yadda suka wuce ba. Na yi ta kewaya shi daga nesa. In yana barcin rana in je in tsaya a bakin ƙofar Iya, in ya motsa in bar wurin da sauri don kada ya farka ya gan ni ya firgita. Sau biyu na cewa maigida na fasa tafiyar. Ya ce, "In kin zauna, shi zai sa ya zo?" Na koma na sake ɗaure kayan.

Ranar Lahadi da hantsi aka ɗaure jakata da katifa a bayan moto. Gidan ya cika da masu sallama, har surukina ya fito zaure. Iya tana tsaye da yaron a gefenta, ba ta kai shi gona ba, tunda ni na ce ina so in yi masa sallama. Na gaida kowa. Na juya zan fita, ƙafata ta ƙi. Sai na durƙusa a tsakiyar mutane, a gaban surukina, na buɗe hannu biyu na kira shi da sunansa. Ban taɓa furta sunan nan da ƙarfi ba sai ranar. Wata ta ce, "Af!" Gwaggo ta rufe baki da gyale. Shi kuwa ya ja zanen Iya ya rufe fuskarsa, ido ɗaya kawai a waje. Na jira. Iya ta ɗan tura shi da gwiwa, ya ƙara ƙanƙame ta. Na tashi na kakkaɓe zanena na hau moto.

Aikin na same shi yadda nake so. Ajin da zana aka yi shi, yara sun fi benci yawa, amma na tsaya a gaban allo hannuna sake, an kira ni madam. Da rana ba ni da lokacin tunani. Da an tashi kuwa sai in rasa inda zan sa kaina, in yi ta tafiya a bakin gonaki har malamar da muke ɗaki ɗaya ta fara tambaya ko lafiya.

Sai bayan mako shida na samu zuwa gida. Na tsaya a kasuwar Sassumbrum na sayi alewar madara, na sa mai alewar ya ƙulle ta a takarda da hannunsa. A hanya ina ta shirya yadda zan yi: ba zan matsa masa ba, ba zan buɗe hannu ba, zan zauna kawai.

Na same shi a tsakar gida yana tura gwangwani. Ya yi ƙiba, an yi masa aski. Da ya gan ni bai yi ƙara ba, bai gudu ba, ya dai tashi ya koma kusa da Iya ya tsaya. Na gaida Iya, na zauna a bakin tabarma. Na kwance takardar ba tare da na taɓa alewar ba, na miƙa.

"Je ka karɓa mana, maigida," Iya ta ce. "Tsaraba aka kawo maka."

Ya taho a hankali. Ya tsaya iya inda hannunsa zai kai, ya ɗauki guda ɗaya. Na ce a raina alhamdulillahi. Sai ya juya ya koma wurin Iya. Ya ɗaga alewar ya kai bakinta, ya tsaya yana kallon fuskarta.

Iya ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Ta ɗan lasa.

"Da daɗi," ta ce. "Sha abinka."

Sannan ya sa a baki.